Wane launi ya dace da kod ɗin da ɗalibanmu za su karanta?

Malam Isufu, Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Ina koyar da matasa goma sha bakwai Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, bayan la'asar, kuma na fara rubuta darussan da Hausa ina ɗora su a wani ɗan shafi, domin wanda bai samu zuwa ba ya karanta a wayarsa. Manhajar da ke rina mini kalmomin kod ɗin, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ita ce Pygments, wadda Georg Brandl ya fitar a 2006, kuma daga cikin tsare-tsaren launin da ta zo da su na zaɓi Monokai, saboda yadda ya yi mini kyau a allon kwamfutata da dare.

Ranar Talata na haska darasin da majigi a bangon aji. Tagoginmu biyu ba su da labule, rana kuma tana nan da sauran ƙarfinta. Baƙar shimfiɗar Monokai, wato launin da ke bayan rubutun, ta koma ruwan toka, layukan sharhi da na rubuta da Hausa don bayyana kowane mataki suka dushe har suka saje da fentin bango. Wata yarinya da ke bencin baya ta kwafe kod ɗin tsaf a littafinta ba tare da sharhi ko ɗaya ba, da na tambaye ta dalili sai ta ce ita ba ta ga wani rubutu a wurin ba. Washegari na kai shafukan wurin mai fotokwafi, takardun suka fito baƙi ƙirin, tawada tana kama yatsa.

Saboda haka na yanke shawarar haɗa tsarin launi na kaina. Ina so ku nuna mini ta inda ake farawa da kuma yawan launukan da ya kamata a sa. Ina da sha'awar in yi amfani da launukan tutarmu, wato ruwan goro da fari da tsanwa, domin yaran su ji abin nasu ne.

Laminu, Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, muddin aka gane cewa aiki biyu ne ake yi a jere. Da farko akwai sashen da ke bin kod ɗin harafi bayan harafi yana yanka shi gaɓa-gaɓa, yana liƙa wa kowace gaɓa sunan jinsinta: wannan keɓaɓɓiyar kalmar harshe ce, wannan suna ne, wannan adadi ne, wannan sharhi ne. Wannan sashe babu ruwansa da launi. Bayansa ne tsarin launi ke zuwa, shi kuma ba komai ba ne illa jerin da ke cewa jinsi kaza ya sha launi kaza. Kai na biyun kaɗai za ka taɓa.

A Pygments ana rubuta shi da Python ɗin da ka riga ka sani. Ga ƙashin bayansa:

```python
from pygments.style import Style
from pygments.token import Keyword, String, Comment

class Tawa(Style):
    background_color = "#ffffff"
    styles = {
        Keyword: "bold #1f3a8a",
        String: "#a34700",
        Comment: "italic #444444",
    }
```

Daga nan sai ka miƙa shi ga `HtmlFormatter(style=Tawa)`, ka kira `get_style_defs(".highlight")`, ya fitar maka da fayil ɗin CSS, wato mai tsara kamannin shafi, da za ka ɗora a shafinka. Idan ka buɗe fayil ɗin za ka ga gajerun sunaye irin su `.k` na keɓaɓɓun kalmomi, `.c` na sharhi, `.s` na rubutun cikin alamar zance, wanda muke kira zare. Jinsunan suna gadon juna kamar zuriya: abin da ka ba `Keyword` zai sauka a kan `Keyword.Constant` da `Keyword.Namespace`, sai fa idan ka ware musu nasu. Wannan gadon ne ya sa layi shida ko bakwai ke isa a rufe harshe guda.

Abdu, Yamai:
Malam, da izininka zan kare Monokai. Wimer Hazenberg ya tsara shi tun 2006, kuma har yau masu rubuta manhaja da yawa da shi suke aiki. Ni ina wuni a gaban allo, farar shimfiɗa tana sa mini ciwon kai kafin azahar. A ganina laifin na tagogin ne, labule biyu za su magance matsalar. Game da tuta kuwa ina bayanka ɗari bisa ɗari, domin mun daɗe muna aro, ya kamata a ga namu.

Malama Hadiza, Yamai:
Ƙanena Abdu, abin da ka faɗa game da idonka gaskiya ne, sai dai kai kana zaune ne kamu uku daga allon da ke fitar da haskensa, yarinyar nan kuwa tana bencin baya tana kallon bango. Majigi ba ya iya jefa baƙi. Abin da muke gani baƙi a bango wuri ne kawai da majigin bai haska ba, don haka duhunsa bai wuce duhun ɗakin ba. Idan rana ta shigo, baƙar shimfiɗa ta tashi daga aiki, rubutun da aka tsara don ya yi haske a kanta ya rasa abin da zai jingina da shi. Farar shimfiɗa kuwa tana amfani da dukan ƙarfin fitilar majigin. Labule zai taimaka, amma wanda ya taɓa rufe tagogin aji a watan Afrilu, a Tawa ko a nan Yamai, ya san cewa ba za a jure rabin awa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne sharhin. Yawancin tsare-tsaren launin da aka sani an yi su ne don ƙwararru, waɗanda suke so idonsu ya tsallake sharhi ya faɗa kan kod, shi ya sa ake dusashe shi da gangan. A darasin Malam Isufu lamarin ya juye. Kalmomin `for` da `while` da `return` baƙi ne a wurin yaron, layin Hausar da ke sama da su shi ne hannun da ke riƙe da shi. Idan aka dusashe wannan layin an cire malamin daga cikin takardar. Ni na koyar shekaru da dama, kuma na lura cewa ɗalibi yana auna muhimmancin rubutu da ƙarfin tawadarsa tun kafin ya karanta shi.

Zainabu, Yamai:
Ina goyon bayan Malama, kuma ina so in ƙara da cewa wannan ba sai an yi ta gardama da ido ba, domin ana auna shi da lissafi. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ƙa'idojin WCAG 2.0 na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafi a watan Disamba na 2008, a ciki aka bayyana yadda ake auna tazarar haske tsakanin rubutu da shimfiɗarsa. Ana lissafa hasken kowane launi daga 0 zuwa 1, a ƙara 0.05 a kan kowanne, a raba mai haske da mai duhu. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, wanda shi ne ƙololuwa. Ƙa'idar ta ce rubutu na yau da kullum kada ya gaza 4.5 bisa 1, mataki mafi tsauri kuma 7 bisa 1.

Na auna sharhin asalin Monokai, wato launi mai lamba `#75715e` a kan shimfiɗa mai lamba `#272822`, ya ba ni kusan 3 bisa 1. Ke nan tun a kan allo mai kyau bai kai ma'aunin ba, balle a bango da rana. Ba shi kaɗai ba ne. Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011 da launuka 16 da aka zaɓa cikin natsuwa, sharhinsa a farar shimfiɗarsa bai kai 3 bisa 1 ba.

Akwai wani abu a cikin lissafin da zai taimaka wa Malam wajen zaɓe. Ido ba ya ba launuka uku na allo daraja ɗaya: tsanwa tana ɗaukar 0.7152 na haske, ja 0.2126, shuɗi kuwa 0.0722 kacal. Wannan ne ya sa tsantsar shuɗi ke da wuyar karantawa a kan baƙi, inda bai wuce 2.4 bisa 1 ba, amma a kan fari ya haura 8. Ɗorawa kuma akasin haka take, a kan fari kusan ba a ganinta. Launukan da Laminu ya rubuta a sama na auna su: shuɗin ya haura 10, ruwan goron mai duhu ya kai 6, tokar sharhin ta kusa 10.

Malam Isufu, Tawa:
Allah ya saka da alheri, Malama Zainabu. Ashe abin da yarinyar ta faɗa lissafi ma ya tabbatar da shi. To yaya batun tuta? Idan na duhunta ruwan goron da tsanwar har suka haura 4.5, shin sun wadatar?

Injiniya Sani, Tawa:
Malam, a nan ne zan sa baki, domin abin ya shafe ni kai tsaye. Ni ina cikin mutanen da ba sa bambance ja da tsanwa yadda sauran jama'a ke yi. Da Faransanci ana danganta wannan hali da sunan John Dalton, masanin Ingila da ya bayyana irin nasa a 1794. Gado ne, kuma ya fi yawa ƙwarai a maza, saboda yana tafiya ne a kan ƙwayar halittar da namiji ke da guda ɗaya tak, mace kuwa biyu. A cikin mutanen arewacin Turai ana ƙiyasta namiji ɗaya cikin 12, a Afirka adadin bai kai haka ba, amma muna nan, kuma da yawanmu ba mu san muna da shi ba sai mun girma.

Ni ban sani ba sai da na fara aikin haɗa wayoyin lantarki. Wanda nake koyo a hannunsa ya ce in miƙo masa jar waya daga cikin kwali, na miƙa masa tsanwa har sau biyu, ya ɗauka wasa nake yi da shi. A ranar na koma gida raina a ɓace, domin wayoyin biyu a idona ruwan ƙasa ne, bambancinsu ɗan duhu kawai. Haka nake fama har yau da kayan da ke nuna layin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da tsanwa. Ba don alamar ragi da ta ƙari da ke farkon layi ba, da ban iya aiki da su ba.

Ruwan goro mai duhu da tsanwa mai duhu suna cikin launukan da suka fi rikita irina. A kan tuta ba su dame ni ba, saboda na san na sama da na ƙasa, kuma akwai fari a tsakani. A cikin kod kuwa babu sama babu ƙasa, kalma ce kusa da kalma. Idan ka ba zare ruwan goro ka ba sharhi tsanwa, yaro irina zai ga abu ɗaya, kuma ba zai ɗaga hannu ya faɗa ba, saboda bai san akwai abin da ya wuce shi ba. Shawarata ita ce ka haɗa ruwan goro da shuɗi, waɗannan biyu muna raba su ba wahala. Masana biyu na Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, sun tsara jerin launuka takwas domin irin wannan buƙata, kuma shuɗinsu `#0072B2` yana zama daidai a kan fari. Mai jan-jan ɗin nasu, `#D55E00`, bai kai 4.5 a kan fari ba, sai an ƙara masa duhu kamar yadda Laminu ya yi.

Abdu, Yamai:
Yaya Sani, ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma na janye maganar tsanwa. Amma ina da ja a kan yawan launuka. Uku sun yi kaɗan. Ni a editana, wato manhajar da nake rubuta kod a ciki, sunan fonksiyon (guntun kod mai yin wani aiki) daban, sunan ma'aji (wurin ajiye ƙima) daban, adadi daban, alamomin lissafi daban, kuma da kallo ɗaya nake gane inda nake. Me zai sa a hana yara wannan sauƙin?

Malama Hadiza, Yamai:
Saboda kai ka riga ka san ma'anar kowane launi, su kuwa kowane launi sabon darasi ne da aka ɗora musu a kan wanda suke fama da shi. Ka tambayi kanka, in ka rufe ido, wane launi ne adadi yake da shi a editanka, kuma wane ne na alamar daidai? Mutane da yawa ba za su iya amsawa ba, alhali kullum suna kallonsa. Launin da mai karatu bai riƙe ma'anarsa ba ado ne kawai. Shi ado ba laifi ba ne a inda mutum yake aikinsa shi kaɗai, kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma a takardar koyarwa ina so yaro ya iya faɗa mini da bakinsa: shuɗi kalmar Python ce ba ni da ikon canza ta, ruwan goro abin da na rubuta ne da zai fito yadda yake, baƙi kuwa sunan da ni na raɗa. Idan ya riƙe waɗannan uku ya riga ya fahimci wani babban abu game da harshen tun kafin a yi masa bayani.

Kada kuma mu manta da mai fotokwafi. Rabin ɗaliban Malam a takarda za su karanta, kuma a can launi duka ya mutu. Abin da ke tsira shi ne kaurin harafi da karkatarsa. Don haka kowane bambanci mai muhimmanci a ɗora shi a kan ƙafa biyu: keɓaɓɓiyar kalma ta zama shuɗiya kuma mai kauri, sharhi ya zama karkatacce, zare kuwa alamomin zancensa sun isa su nuna shi.

Laminu, Yamai:
Tun da an tsaya a kan launuka kaɗan, bari in nuna ramukan da ni na faɗa a ciki, domin Malam ya kauce musu. Na farko, a Pygments kalmomin `and` da `or` da `not` ba sa cikin `Keyword`, suna ƙarƙashin `Operator.Word`. Idan ba ka ambace shi ba za su fito baƙaƙe kamar sunan da yaro ya raɗa, ka ga ƙa'idar Malama Hadiza ta karye. Na biyu, bayanin da ake rubutawa a farkon fonksiyon cikin alamar zance uku-uku ana lissafa shi a `String.Doc`, don haka zai gaji launin zare. Tun da a darasinka wannan ma bayani ne da Hausa, ka ba shi kamannin sharhi. Na uku, `print` da `len` da `range` suna `Name.Builtin`. Ni zan ba su shuɗin nan amma ba kauri, saboda Python ce ta zo da su, sai dai ba haramun ba ne mutum ya sake amfani da sunansu, kuma wannan kuskure ne da masu koyo ke yawan yi. Adadi kuma ya bi zare a launi, tun da dukansu ƙima ce da aka rubuta kai tsaye.

Sunan fonksiyon a wurin da aka ƙirƙire shi, wato bayan `def`, yana `Name.Function`. Ina ganin a ja masa layi a ƙasa, domin ya fito ko a fotokwafi.

Zainabu, Yamai:
Akwai wani amfani na launin zare da ya shafe mu musamman, mu masu rubutu da Hausa da Faransanci. Waƙafin sama da muke sawa a jami'a da sa'a da ma'ana shi ne dai alamar da Python ke buɗe zare da rufe shi da ita. Yaro zai rubuta `print('jami'a')` yana ganin daidai ne, alhali zaren ya rufe tun bayan `jami`, harafin `a` ya fita waje, alamar ƙarshe kuma ta buɗe sabon zaren da ba a rufe ba. Na ga ɗalibi ya shafe kusan rabin awa yana neman wannan kuskure. Idan launin zare ya bambanta sosai da baƙin rubutu, zai ga ruwan goron ya yanke a tsakiyar kalma, ya gane da kansa cewa alamar zance mai biyu ya kamata ya sa. Mu da muke rubuta ƴ da lanƙwasa mun tsira a kalmomi irin su ƴaƴa, ƴan uwanmu na Najeriya da ke rubuta ta da waƙafi sun fi mu shiga wannan tarko, amma hamzar tana kanmu duka. Saboda wannan ne nake ganin kada a duhunta ruwan goron har ya kusa zama baƙi don neman babban adadi. Tazara biyu ake nema a lokaci guda, tsakaninsa da shimfiɗa da kuma tsakaninsa da maƙwabcinsa.

Malam Isufu, Tawa:
Wannan ya tuna mini da wata matsala. A darasi na huɗu na raɗa wa wani ma'aji suna `ƙidaya`, Python ta karɓa ba gardama, amma a shafin harafin ƙ ya fito da wata siffa daban, ya fi sauran faɗi, layin ya goce. Shin wannan ma daga tsarin launi ne?

Laminu, Yamai:
A'a Malam, wannan daga salon haruffa ne. Python 3, wadda ta fito a Disamba 2008, ta halatta haruffan Unicode, wato jadawalin da ya tattara haruffan harsunan duniya, a cikin sunaye, shi ya sa ta karɓa. Amma salon haruffan da shafinka ke kira ba shi da ƙ, sai burauza ta aro shi daga wani salon da faɗinsa ya bambanta. Haruffanmu suna warwatse ne a jadawalin: ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4, ɓ da ɗ kuwa suna U+0253 da U+0257, cikin rukunin alamomin furuci. Don haka salo yana iya samun wasu ya rasa wasu. Ka gwada Noto Sans Mono, kuma duk salon da za ka ɗauka ka fara rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu ka duba su a miƙe, a kaurare da kuma a karkace, tun da sharhinka karkatacce ne kuma a can Hausar take.

Inda abin ya taɓa launi shi ne jinsin `Error`. Sashen yanka kod na wasu harsuna yana ɗauka cewa suna dole ya fara da harafin a zuwa z, idan ya ci karo da ƙ a farko sai ya lissafa ta kuskure, tsarin Pygments na asali kuma yana zagaye kuskure da jan akwati. Na Python ba ya yin haka, amma ranar da ka nuna wani harshe ka duba da kyau, kada yaro ya ɗauka harafin harshensa ne laifi.

Abdu, Yamai:
To ni da ire-irena masu karatu da dare fa? Yaran ma da yawa sai an yi isha'i suke buɗe waya, wani lokaci ba wuta, farin allo a cikin duhu yana soka ido. Wayoyin da ke da allon OLED kuma suna rage cin batir a baƙar shimfiɗa, tun da ɗigon da yake baƙi a kashe yake.

Zainabu, Yamai:
Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. A CSS akwai `prefers-color-scheme`, wanda ke tambayar wayar ko mai ita ya zaɓi yanayin duhu, sai a ba shi tsari na biyu. Sharaɗin kawai shi ne ma'anar launi kada ta canza: shuɗi ya zauna na keɓaɓɓun kalmomi, ruwan goro na zare, a haskaka su kawai a sake auna su a kan sabuwar shimfiɗar. Ba a juya launuka kai tsaye, domin shuɗin da ya ba da 10 a kan fari zai nutse a kan baƙi. Batun batir kuwa ya tsaya ga OLED. Allon LCD, wanda ƙananan wayoyi da yawa ke da shi, fitilarsa ta baya a kunne take ko shafin baƙi ne ko fari.

Malam, kafin ka kai wa yara, burauzar Chrome tana da wurin kwaikwayon ganin masu matsalar launi a cikin kayan aikin masu gina shafi, Firefox ma tana da irinsa. Amma tun da Injiniya Sani yana gari ɗaya da kai, idonsa ya fi kowane kwaikwayo.

Injiniya Sani, Tawa:
A shirye nake. Malam ya turo mini shafin, ko in biyo ta ajin bayan la'asar in zauna a bencin baya.

Malam Isufu, Tawa:
Ƴan uwa, na dawo da labari. Na haɗa tsarin kamar yadda kuka tsara: farar shimfiɗa, rubutu `#1a1a1a`, keɓaɓɓun kalmomi da `Operator.Word` shuɗi mai kauri irin na baba, zare da adadi ruwan goro mai duhu, sharhi da `String.Doc` karkatattu da `#444444`, sunan fonksiyon da layi a ƙasa. Na haska shi a bangon nan, a lokacin nan, tagogi a buɗe. Injiniya ya zo ya zauna a baya, na nuna kalmomi goma da sanda ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi jinsin kowace ba kuskure. Yarinyar da ta tsallake sharhi a makon jiya ita na sa ta karanta shi da ƙarfi, ta karanta har ƙarshe daga inda take zaune.

Na gwada wani abu da ba ku ce ba, na sa wa sharhi ɗan zirin shimfiɗa mai ruwan ƙwai don ya ƙara fitowa. A bango ya yi kyau, amma a fotokwafi zirin ya koma ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi a kan rubutun, don haka na cire shi. Ban ji daɗin rabuwa da tsanwar tutarmu ba, sai na mayar da ita kan sunan shafin a can sama, inda ba ta ɗauke da wata ma'ana ta kod.

Saura abu ɗaya. Yara huɗu suna da kwamfuta, kuma editan VS Code suke amfani da shi, launukansa kuma daban ne da na darasin. Ana iya daidaita su?

Laminu, Yamai:
Ana iyawa, sai dai sunayen jinsunan daban ne. VS Code ya gaji tsarin editan TextMate, inda kowace gaɓa ke da suna mai ɗigo-ɗigo irin su `keyword.control` da `string.quoted` da `constant.numeric` da `comment`, kuma ƙa'idar da ta fi ƙayyadewa ita ke rinjaye. A fayil ɗin `settings.json` ana buɗe `editor.tokenColorCustomizations`, a jera ƙa'idojin a cikin `textMateRules`. Idan wata kalma ta ƙi karɓar launi, akwai umarnin `Developer: Inspect Editor Tokens and Scopes`, wanda ke nuna sunan gaɓar da ƙa'idar da ta rina ta. Wani lokaci za ka tarar rini na biyu ne ya hau kan naka, wanda ke fitowa daga fahimtar ma'anar kod ɗin, shi kuma ana kashe shi da `editor.semanticHighlighting.enabled`. Wanda shafinsa ke amfani da highlight.js ko Prism shi ma hanyar ɗaya ce, sunayen ne kawai ke zama `.hljs-keyword` ko `.token.keyword`.

Malama Hadiza, Yamai:
Malam Isufu, na buɗe shafin a wayata yanzu, kuma na ga wani abu a darasi na shida. Fonksiyon ɗin `jimlar_maki` layin da aka ja masa ya haɗiye ɗan karan da ke tsakanin kalmomin biyu, sai ya zama kamar `jimlar maki` da fili a tsakani. Yaron da ya kwafa haka Python za ta ƙi karɓa, kuma ba zai ga dalili a takardarsa ba. Kalmar `def` mai kauri da ke gabansa ta riga ta nuna cewa sunan fonksiyon ne ke biye, ina ganin layin bai da aikin da ya rage masa.

Laminu, Yamai:
Malama ta yi gaskiya, shawarar tawa ce kuma ban hango wannan ba. A cire layin `Name.Function` gaba ɗaya daga jerin, sunan zai koma baƙi kamar sauran sunayen da yaro ya raɗa.

Malam Isufu, Tawa:
Na cire shi, na sake fitar da CSS ɗin, karan ya dawo. Takardun darasi na shida da na riga na raba guda goma sha bakwai ne, gobe zan karɓe su in sa karan da biro kafin mu fara. Laminu, ina jiran layukan `textMateRules` ɗin domin in sa wa yaran nan huɗu ranar Alhamis. Malama Zainabu kuma, idan kin samu sarari, ki auna mini shuɗi da ruwan goron da za su zauna a kan `#1e1e1e`, in fara haɗa na dare.